Gwamnatin da ta fi kusa da talaka ita ta fi nisa da ƙuri'arsa

Tun ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a fadarsa ta Yamai, wata addu'a ta shiga bakin matasanmu a Katsina, har yau kuma ba ta fita ba. Ana jin ta a teburin mai shayi, ana jin ta a bakin 'yan acaba, ana ganin ta a Facebook da TikTok: "Mu ma Allah Ya kawo mana soja." Yawancin masu yin ta ba su cika shekara 30 ba. An haife su dab da 1999 ko bayanta, ba su taɓa rayuwa da wayonsu a ƙarƙashin mulkin soja ba. Ba na cewa amin ga wannan addu'a, kuma ba zan taɓa cewa ba. Amma ba na cikin dattawan da ke kiran yaran nan jahilai su wuce. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya tashi ya ga an yi zaɓe bayan zaɓe, ya ga ƙauyensu ya watse, makarantar da ya yi ta zama kango, yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka tsinana masa da ƙuri'a.

Maganar soja ba ta buƙatar dogon bayani a garin nan. Janar Shehu Musa 'Yar'adua ɗan Katsina ne, soja ne, ya riƙe muƙami na biyu a ƙasar nan daga 1976 zuwa 1979, amma a gidan yarin Abakaliki ya rasu a watan Disambar 1997, a hannun gwamnatin soja. Idan haka ta faru da mai irin wannan gata, ina ga ɗan mai faskare? A Nijar ɗin ma da ake kwatance da ita, a watan Maris na 2025 an rantsar da Janar Abdourahamane Tchiani na shekara biyar ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Wataƙila ya yi aiki, wataƙila ya kasa. Idan ya kasa, mutumin Maraɗi ba shi da ranar da zai je ya sauke shi. Wannan ranar ita ce kaɗai abin da muka fi shi da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ce.

Mu ma tuna abin da ya faru a makonnin da suka biyo bayan juyin mulkin. ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Bola Tinubu, ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take bai wa Nijar, aka fara maganar tura soja. Babu wanda ya tambayi mutanen Jibiya ko na Kwangwalam ko 'yan kasuwar Mai'aduwa, alhali su ne suka kwana da yunwa, su ne ke da surukai da kakanni a Maraɗi da Damagaram. Wannan laifin zaɓaɓɓiyar gwamnati ne. Amma wa ya tare yaƙin? Sanatocin Arewa sun fito sun ce ba su yarda ba, Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, malamai suka yi ayari zuwa Yamai, gidajen rediyo suka cika da muryoyin talakawa masu cewa ba za a yaƙi 'yan uwanmu da sunanmu ba. Dole gwamnati ta ja da baya, aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. Da mai kaki ne a kan kujera a Abuja, da babu bakin da zai buɗe.

To idan haka ne, me ya sa mutane suke ta janye jiki? A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista ne aka ce sun fito. A 2015 ya sauko kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 ya faɗo kusan 27. Mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajista, kusan miliyan 25 kacal suka jefa ƙuri'a, wanda ya ci kuma da ƙuri'a miliyan 8.8 ya ci. Ko an cire ƙarin gishirin da ake yi wa alƙaluma a shekarun baya kafin zuwan na'urar tantance masu zaɓe, gangarar nan a bayyane take.

Ba zan yarda da masu cewa talakanmu bai san darajar ƙuri'a ba. Duk wanda yake Katsina ko Daura a watan Maris na 2015 ya ga yadda tsofaffi da mata masu goyo suka wuni a layi, matasa suka tsaya a rumfunan zaɓe har dare da fitilun waya, suna bin taken nan na a kasa, a tsare, a raka. Shi ne karon farko a tarihin Najeriya da ƙuri'a ta kayar da shugaba mai ci. Bayan shekara takwas, jihar da ta haifi Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ta bai wa Atiku Abubakar na PDP ƙuri'un da suka ɗan ɗara na ɗan takarar APC, Buhari yana kan mulki, ana tsakiyar wahalar canjin takardun kuɗi. Bayan mako uku kuma mutanen nan dai suka zaɓi Dikko Umaru Raɗɗa na APC gwamna. Wanda ya iya rarrabe wannan da wancan ba makaho ba ne. Ya san abin da yake yi, ya dai gaji.

Abin da ya gajiyar da shi, a ganina, shi ne mun ɗora duk fatanmu a can sama, inda hannunsa ba ya kaiwa, muka bar ƙasa, inda rayuwarsa take, ta mutu. Jihar nan ta ba da shugaban ƙasa sau biyu a jamhuriyar nan, Umaru Musa 'Yar'adua daga 2007 zuwa 2010, da Buhari daga 2015 zuwa 2023. Amma a daren 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara fiye da 300 daji, shugaban ƙasa yana Daura. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, mutum ba ya iya kiran ɗan uwansa ko da mutuwa aka yi. Ba don in ci mutuncin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya na kawo wannan ba. Na kawo shi ne don mu gane cewa samun ɗanka a fadar shugaban ƙasa ba ya gyara fanfon burtsatsen unguwarku, ba ya sa malami a aji, ba ya sa magani a ɗakin shan magani. Waɗannan a tsarin mulki aikin ƙaramar hukuma ne, ko ita kaɗai ko tare da jiha: firamare, kiwon lafiya na matakin farko, kasuwa, tasha, hanyoyin cikin gari, magudanan ruwa, maƙabarta.

Muna da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 a jihar nan. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole a tafiyar da su ta hanyar zaɓaɓɓun shugabanni. Sai dai wannan kundin ne kuma ya damƙa zaɓensu a hannun hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ya kuma ce kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Sakamakon kowa ya san shi. A 2015 Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe shugabannin PDP da aka zaɓa a zamanin Gwamna Ibrahim Shema, sai a Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, lokacin da wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa, ba a kuma sake zaɓe ba sai 2022. A Fabrairun 2025 APC ta lashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361, babu ko ɗaya da ta kuɓuce. Kada wani ya ce halin jam'iyya ɗaya ne: a Kano, a Oktoban 2024, NNPP ce ta kwashe duka 44. Jam'iyyar gwamna ita ce ke ci, ko wace ce ita. Jihar da ta rabu kusan gida biyu daidai a zaɓen shugaban ƙasa, a ce babu mazaɓa ɗaya tak cikin 361 da ta fi son wani? Hankali ba ya ɗauka, kuma talaka ya san ba ya ɗauka, shi ya sa ranar wannan zaɓe yake tafiya gonarsa.

Na taɓa zama a wani zaure, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, inda dattawan unguwa suka kira kansilansu kan fanfon da ya daɗe da lalacewa, yara mata suna tafiya mai nisa da jarkoki kafin su je makaranta. Yaron ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida kowa. Mai unguwa ya ce masa, "Onarabul, kai ne namu a can, me ake ciki?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, ba a hannuna yake ba. Na rubuta, na kai wa ciyaman, shi ma ya ce sai ya ji daga sama." Wani tsoho ya tambaye shi nawa ne kuɗin da ke shigo wa ƙaramar hukumar a wata. Ya ce bai sani ba, kuma na gaskata shi. Kafin ya tashi ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya ajiye a kan tabarma, ya ce a ƙara a kira mai gyara. Mutumin kirki ne, ba ɓarawo ba ne. An dai ba shi suna an hana shi iko, aka bar shi yana biyan bashin hukuma daga albashinsa da kunya a fuskarsa. Dattawan kuma suka haɗa karo-karo suka gyara fanfonsu, kamar yadda suke haɗa kuɗin 'yan sintiri da na allon makaranta. Wa zai ce musu gobe su fito su yi layi?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya cike gurbin. A yankunan Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari, Sabuwa da maƙwabtansu, shekaru ke nan manomi yana biyan kuɗi ga ɗan bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Wanda ke karɓar haraji, ya yanke hukunci, ya ce wannan hanya a bi wannan kar a bi, ai shi ne hukuma a wurin, ko mun so ko mun ƙi. Gwamnatin Masari ta gwada sulhu a 2016 da 2019 bai ɗore ba. Gwamnatin Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, yara da yawa sun ba da rayukansu a ciki, Allah Ya gafarta musu. A 2025 kuma muka ga al'ummomi da kansu suna zama da 'yan bindiga, bindigogi a rataye a kafaɗa, ana ƙulla yarjejeniya. Ba na zargin wanda aka kashe wa ɗa, aka sace wa mata, idan ya nemi kwanciyar hankali ta kowace hanya. Amma mu kalli abin da hoton nan yake koya wa yaro ɗan shekara 15: mai bindiga ana zuwa a saurare shi, mai ƙuri'a kuwa sai bayan shekara huɗu. Babu wata barazana ga dimokuraɗiyya da ta kai wannan darasi. Ga kuma dubban da suka baro ƙauyukansu suka tare a kangaye da gidajen 'yan uwa a cikin birni, rumfunan zaɓensu suna can inda ba mai iya kwana.

Ana yawan yi wa mata faɗa kan sayar da ƙuri'a. A mumbari, a rediyo, kullum su ake nuna wa yatsa: kun karɓi taliya, kun karɓi sabulu da turmin atamfa, kun sayar da 'yancinku. Ni ma ba na son wannan ciniki, yana zubar da mutuncinmu gaba ɗaya. Amma bazawarar da ke riƙe da marayu biyar ta yi lissafinta ne, kuma lissafin ba na wauta ba ne: wannan taliyar ita ce abu na ƙarshe da za ta gani daga hannun mutumin nan. Cinikin ma ba daga kanta ya fara ba. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50. PDP ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40. Daga nan sai zaɓen fid da gwani, inda ake killace daliget a otal a yi ciniki da su, ko kuma uban gida ya ce an yi maslaha, kowa ya janye. Kafin sunan ɗan takara ya iso takardar ƙuri'a an riga an saye shi sau biyu ko uku. Dokar 2018 da ta rage shekarun tsayawa takara zuwa 25 ga majalisar jiha da ta wakilai ta buɗe wa matasa ƙofa a takarda, kuɗi ya rufe ta. Wanda ya rage musu shi ne su zama ƙauraye masu ɗaukar makami a yaƙin neman zaɓe, ko 'yan saƙo a intanet masu zagin wanda aka ce su zaga don kuɗin data.

Marigayi Umaru 'Yar'adua ya yi abin da ba kasafai shugaba ke yi ba: ya fito ya ce zaɓen 2007 da ya kawo shi akwai kurakurai a ciki, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Rahoton da suka miƙa a Disambar 2008 ya ce a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe, a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, a bar ɗan takara mai zaman kansa ya tsaya. Manyan shawarwarin nan har yau suna kan takarda. Mai sayen ƙuri'a bai taɓa jin tsoron kurkuku ba, sai mai sayarwa ake tsoratarwa da wuta.

Duniya ma ta sauya a hannun yaran nan. A da labari daga rediyo yake zuwa, dattijo ya saurara ya fassara wa gida. Yanzu kowane yaro yana da duniya a tafin hannunsa. Yana ganin gidan ɗan majalisarsa a Abuja da bikin 'yarsa, yana ganin bidiyon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, na gaskiya da na ƙirƙira a gauraye, babu mai tace masa. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da jimla ɗaya a wurin rantsuwa, kuɗin mota da na kwanon masara suka tashi. Da matasa suka fito zanga-zanga a Agustan 2024, wasu har da tutar Rasha, amsar da suka samu ita ce dokar hana fita da kame. A Nuwamban 2024 duk ƙasa ta ga ƙananan yara a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, sun rame, wasu suna faɗuwa, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, sai da aka yi ta kururuwa kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Ɗaga tutar wata ƙasa kuskure ne, fasa shaguna laifi ne. Amma da yaran nan suna da zauren da za su je su yi magana a ji su a garinsu, da yawansu ba za su hau titi ba.

Na san ba mu kaɗai ne ke cikin rikici ba. Amurka da ke koya wa duniya zaɓe ta ga magoya bayan Donald Trump sun kutsa majalisarta ranar 6 ga Janairun 2021. Amma a yankinmu ɗin nan ne kuma kotun tsarin mulkin Senegal ta hana Shugaba Macky Sall ɗage zaɓe a 2024, mutane suka zaɓi Bassirou Diomaye Faye kwanaki kaɗan bayan fitowarsa daga kurkuku. A Ghana ma jam'iyya mai mulki ta faɗi a Disambar 2024 ta kuma amince. Ba jininmu ne ya ƙi tsarin ba.

Mu kanmu muna da shaida a gida. 'Yan jam'iyyar NEPU da suka taso daga 1950, waɗanda aka ɗaure aka yi wa bulala a garuruwan nan, ba kujerar Legas ce ta fi damunsu ba. Faɗansu da En'e ne, wato hukumar gargajiya ta sarakuna: haraji, jangali, aikin tilas, kotun da talaka ba ya iya ɗaga kai a cikinta. Da jam'iyyar PRP ta ci tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina da Daura suna cikinta, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Manomi da makiyayi sun ji sauƙin a jikinsu a wannan shekarar, ba a labari ba. Majalisar jihar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta tsige shi a 1981, amma dattawan da suka ga wannan zamani har yau ba sa wasa da ranar zaɓe, domin sun taɓa ganin ƙuri'a ta sauke musu kaya. Jikokinsu ba su taɓa gani ba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Na yi murna da hukuncin, ina kuma son a aiwatar da shi har ƙarshe ba tare da dabaru ba. Sai dai tura kuɗi kai tsaye ga ciyaman ɗin da gwamna ya ɗauko ya ɗora ba zai canza wa matar nan mai marayu komai ba, domin mutum wanda ya naɗa shi yake tsoro. Dole zaɓen ya fita daga hannun hukumar da gwamna ke naɗawa. Ina da ƙorafi a kan INEC, musamman yadda sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya kasa hawa shafinta na intanet a kan lokaci bayan alkawarin da ta yi. Duk da haka a zaɓen da take shiryawa ne kaɗai muke ganin jam'iyya mai mulki tana faɗuwa a jihar nan. Sannan abin da aka turo wa kowace ƙaramar hukuma a wata, wanda dama ana wallafa shi a Abuja, a liƙa shi a bangon sakatariya, a karanta shi da Hausa a rediyon jiha, kansila kuma ya zauna da mutanen mazaɓarsa a fili ya faɗi inda ya tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ya buƙatar digiri kafin ya gane cewa an ce an gina aji uku alhali biyu yake gani.

Canza wanda ke shirya wannan zaɓe sai an gyara kundin tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A zagayen da aka kammala a farkon 2023, ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a majalisun jihohin ya maƙale, bai samu 24 ɗin ba. Muna da 'yan majalisa 34 a majalisar dokokin Jihar Katsina, kowannensu yana da gida a cikinmu, yana zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, kuma yawancinsu za su dawo neman ƙuri'a a 2027. Idan naku ya zo, bayan an gaisa an sha ruwa, a tambaye shi a gaban jama'a: ranka ya daɗe, idan wannan ƙudiri ya zo gabanku, hannunka sama zai yi ko ƙasa? A sa yaro ya ɗauki amsar a waya ya ajiye.